Takalmin Hagu na Abu Ilyas

Ranar da na sauka Doha ba wanda ya zo tarbata. Ejan ɗin da ya yi mini hanya daga Jos ya rantse da kabarin uwarsa cewa tuƙi zan yi a babban otal, da kwat da sanyin na'ura. Na zauna a kan jakata a filin jirgi har yunwa ta gaji ta ƙyale ni, kafin wani ɗan Nepal ya iso riƙe da kwali mai sunana a karkace, ya kwashe ni zuwa wani ɗaki a unguwar Muntazah. Washegari aka miƙo mini hular gadi da usur. Otal kam na gan shi a West Bay, dogo har wuya ya yi ciwo, amma ni aikina ɗaga ƙarfen ƙofar gareji ne. Da na kira lambar ejan, wata mata ce ta ɗauka, ta ce ita awara take soyawa a Bukuru, in daina damunta.

A ɗakin Muntazah gadajen ƙarfe ne masu hawa biyu, kowa ya yi labule da tsohon zanen gado. Ni aka ba sama. A ƙasa akwai wani siririn mutum mai gemun akuya yana zuba surutu a waya, da na ji Hausarsa sai na leƙo. Hausar Jos ce tsantsa. Na ce, "Malam, daga ina?" Ya ce, "Gangare." Na ce ni daga Kabong. Ya tambayi sunana na ce Ishaku, ya ce shi Sama'ila. Wani ɗan Ghana da ke kusurwa ya tuntsire da dariya, ya ce to an haɗa 'ya'yan Annabi Ibrahim a gado ɗaya, saura a ga wanda zai kori wani. Daga ranar Sama'ila yake ce mini Fasto, ni kuma ina ce masa Liman, ko da yake ni waƙar coci ɗaya ban iya ta har ƙarshe ba, shi ma sai an taɓa shi da ƙafa yake tashi asuba.

Wanda ya san Jos ya san abin da ke tsakanin unguwannin nan biyu. A ɗaya daga rikice-rikicen garin yayana Bulus ya fita sayen kalanzir, sai a bayan motar soja aka dawo mana da shi. A wannan makon dai aka ƙone shagon yadin mahaifin Sama'ila, tsohon bai sake miƙewa ba har ya rasu. Sau ɗaya muka yi wannan maganar, muna cin shinkafa a tire ɗaya, kowa ya faɗi nasa idonsa a kan abinci. Ba wanda ya ce wa wani ka yi haƙuri. Ya turo mini guntun kazar da ta rage, na ci, muka rufe zancen.

Yaƙin Gaza a wannan ɗakin ya same mu. Wayata ta cika da saƙonnin 'yan cocinmu na gida, ga tuta mai tauraro, ga addu'ar Allah ya ba Isra'ila nasara, Mama kuma sau biyu take turo kowanne don kada in ce ban gani ba. Wayar Sama'ila kuwa kukan yara ne da mata suna tonon ɓaraguzai da hannu. Kowa ya juya bango da tasa. Ni dai hankalina ya ƙi kwanciya. In na kalli tawa sai in ji kamar an sa ni tafi a gidan makoki, in na jiyo tasa sai in tuna Bulus, in rasa wanda zan yi wa fushi. Ga zafin West Bay da ke tasowa daga kwalta ya shiga takalmi. Wata rana da azahar na ɗaga ƙarfe na ga motoci sun zama bibbiyu, ban farka ba sai a ƙasa, wani direban tasi ɗan Sudan yana juye mini ruwan gorarsa a ka, yana cewa kada in kuskura in mutu a nan, ba wanda ya san sunana.

Sama'ila ne ya fitar da ni daga ranar nan. Shi yana gadi a Al-Sadd, a wata cibiya da ake yi wa mutane ƙafa da hannu na roba, sai ya ji suna neman direban motar ɗaukar marasa lafiya. Na yi ta sintiri ofishin kafil ɗina, wato mutumin da zamana a ƙasar ke hannunsa, yau a ce ya tafi sahara, gobe a ce yana barci, kafin ya sake ni da kalma ɗaya, "Halas," wato shi ke nan, yana kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda. Ban taɓa jin daɗin wulaƙanci irin na ranar ba.

Mai riƙe da sashen ƙafafu wata Baturiya ce 'yar Kanada, Dakta Hanna, gajeriya, furfura ta fara fito mata, dariyarta tsada gare ta. Ko bandeji ɗaya ba ta yarda ya ɓata. Amma akwai abin da na lura da shi tun makon farko: duk wanda aka kawo, ita da kanta take durƙusawa da daron ruwan ɗumi ta wanke dungulmin, ta goge da tawul, ta latsa a hankali tana tambayar inda ke ciwo, alhali ga nas-nas a tsaye. A lokacin an fara kawo raunanan Gaza jinya Doha, saboda haka daron nan ba ya bushewa.

Ran Alhamis ni nake sauke ta gida, kuma kullum sai ta sa na tsaya a wani kanti ta sayi kyandir biyu. Na gaji na ce, "Dakta, nan fa ba Najeriya ba ce, ba a ɗauke wuta." Ta yi murmushi ta ce al'adar mahaifiyarta ce ta yammacin Juma'a. Wata Alhamis muna cikin cunkoso rediyo ya fara lissafa mutanen da suka mutu, ta ce in kashe. Na kashe. Can ta ce, "Ishaku, na ga giciye a wuyanka. Ka iya riƙe magana?"

Na ce na iya.

"Ni Bayahudiya ce. 'Yar ƙanwata Tamar tana cikin waɗanda aka kashe a ranar farko ta yaƙin nan. A cibiya ba wanda ya sani sai mai wurin. Ba tsoro kaɗai ya sa na yi shiru ba. In sun sani, ba za su miƙo mini ƙafa ba."

Saura kaɗan in hau bayan wata motar bas. A kaina Yahudawa mutanen cikin littafi ne masu dogayen riguna da sanda, waɗanda in Mama ta ga ɗaya sai ta ce ya ɗora mata hannu a ka. Ga tawa nan a kujerar baya tana fyace hanci da takarda, tana ce mini in kula da mai babur.

Shi ma Abu Ilyas sai da ya rushe mini wani ginin a ka. Dattijo ne daga Gaza, tsohon malamin lissafi, an yanke masa ƙafar hagu ƙasa da gwiwa. Ranar farko da na je ɗaukarsa a masaukin da aka sauke raunana, ina tura kekensa cikin mota sai na ga ya yi alamar giciye. Na tsaya cak. Na ce, "Baba, kai Kirista ne? Balarabe?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ya ibni, kakannina suna yin baftisma tun naka ba su ji labari ba. Wa kake tsammani ya fara?"

Ya tambaye ni da wane suna muke kiran Mahalicci a cocinmu, na ce Allah. Ya buga cinyarsa ya ce to me ya rage, ai an gama. Tun daga nan yake kirana Ishak, ko ya ce ya ibni, wato ɗana, ni kuma na ɗauke shi uba, don nawa ya daɗe da rasuwa kuma a Doha ba wanda ke tambayar ko ka ci abinci sai shi.

Kullum akwai wata baƙar leda a cinyarsa. A ciki takalminsa na hagu ne. Ɗansa Ilyas ne ya saya masa takalman, baƙar fata masu igiya, don bikin Ista. Suna cikin ginin da suka fake aka jefo bom, Ilyas bai fito ba, shi kuma aka zaro shi ba ƙafa ɗaya. Bayan kwanaki wani maƙwabci ya tsinci takalmin a ɓaraguzai ya kai masa asibiti. "Ƙafar ba ta dawo ba," in ji shi, "takalmin ya dawo." Na dama yana ƙafarsa, kullum a goge yana ƙyalli. Na hagu bai yarda kowa ya taɓa ba.

Dakta Hanna ta auna shi, ta ɗauki siffar dungulmin da farin siminti, aka fara haɗa ƙafar. Abu biyu ta gaya masa a gabana. Na farko, dole ya riƙa zuwa ana miƙe gwiwar, don in aka bar ta a lanƙwashe a kan keke za ta ƙage, in kuwa ta ƙage ba ƙafar robar da za ta zauna, shi da keke ke nan har abada. Na biyu, ranar gwaji ya kawo takalmin da zai riƙa sawa, domin da tsayin dugadugansa ake daidaita ƙafar. Ya rungume ledar ya ce in ranar ta zo. A mota kuwa ba ya gajiya da yabonta. Ya ce hannun matar nan in ya taɓa ciwo, ciwon da kansa yake jin kunya.

Abin ya faru ne da hantsi, a bakin ƙofa, saura kaɗan a gama ƙafar. Mu Hausawan Doha muna da wata wauta: mun ɗauka Hausa ɗaki ne mai makulli, za mu zagi mutum a gabansa muna yi masa murmushi. Mun manta rabin kayan ɗakin daga Larabawa muka aro. Sama'ila ya roƙi Dakta wata tsohuwar sandar guragu zai aika wa kawunsa a gida, ta ce a'a, kowacce tana da mai jiranta. Ina sauke Abu Ilyas daga mota ya zo yana huci.

"Fasto, matar nan bayahudiya ce, wallahi! Tsohuwar sanda fa! Bayahudiya ce ta ƙarshe."

Duk Bahaushe ya san abin da yake nufi. Mun tashi mun ji ana ce wa marowaci ko mai taurin zuciya bayahude, ba tare da mun taɓa ganin ko ɗaya ba. Amma kunnen Balarabe ba rowa ya ji ba. Abu Ilyas ya riƙe tayar kekensa.

"Me ya ce? Yahudiya? Wa?"

Sama'ila ya fashe da dariya, ya shiga bayani da guntun Turancinsa da guntun Larabcinsa, cewa a yarenmu haka ake ce wa mai maƙo, ba komai ba ne, wasa ne. Dattijon bai ko kalle shi ba. Ni yake kallo.

"Ishak. Kai ba ka yi dariya ba."

Da zan iya cewa ƙarya ne, da magana ta mutu a nan, ya sami ƙafarsa, kowa ya huta. Na buɗe baki in faɗa, sai na ga giciyen da ke wuyansa da wanda ke wuyana, na ga mutumin da ke ce mini ɗana. Na kasa. In faɗi gaskiya kuma amana ce aka ba ni. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Baba, ka tambaye ta da kanka." Ina faɗa na san na riga na ba da amsa.

Ya tura kekensa da kansa har ɗakin gwaji. Tana durƙushe ta ajiye daro ke nan. Ya tambaye ta, ba ihu, ba zagi. Ta ɗago ta dube ni, sannan ta dube shi, ta ce, "E."

Ya ja ƙafar wandonsa ya rufe dungulmin. "Ku kuka cire ta," ya ce, "yanzu kuma ku za ku mayar? Ishak, kai ni gida."

Makonnin da suka biyo baya ban san inda zan sa kaina ba. Ina tuƙi ina wuce kwanar da zan shiga. Ina cin abinci ina tashi ban ƙoshi ba. An nemi a mayar da Abu Ilyas wajen wani likita a wani asibiti, aka ce layin da tsawo, sai bayan watanni, gwiwa kuwa ba ta jiran layi. Dakta Hanna ba ta ce mini uffan a kan abin da ya faru ba, wanda ya fi mini zafi da a ce ta zage ni. Ƙafar da aka gama tana jingine a kusurwar ɗakinta, ba takalmi. Ran Alhamis ta sayi kyandir ɗinta, da za ta sauka ta ce, "In ka gan shi, ka ce ya riƙa miƙe gwiwar a kan gado. Ba sai ka ce daga ni ba ne."

Sama'ila kuwa da ya gane wasansa ya faɗa kan gaskiya, sai ya zauna a bakin gado ya riƙe kai. "Fasto, ta gaske ce? Wadda take wanke musu ƙafa?" Na ce ta gaske. Na ji tsoro ƙwarai, don shi ne mai kuka da hotunan Gaza, kuma bakinsa ba ya riƙe ruwa. In maganar ta zaga masaukin raunana, ba Abu Ilyas kaɗai zai rasa ƙafa ba. Ya yi kwana biyu ba ya yi mini magana. A na uku na ji wani ɗan'uwan marar lafiya yana tambayarsa a ƙofa, wai ita likitar nan 'yar ina ce. Sama'ila ya ce, "Dakta ce. Yalla, shiga, ana jiranka." Da yamma ya ce mini, "To yanzu me zan riƙa ce wa marowaci?" Na ce marowaci, kamar yadda kakanka yake faɗa.

Na je wajen Abu Ilyas a ranar hutuna. Ya rame, gwiwar ta fara lanƙwashewa kamar maƙatar rataye nama. Bai ce in zauna ba.

"Ka sani tun farko. Kana jina ina yabon hannunta."

Na ce na sani. Na ce ya miƙe gwiwar, ya ce in bar masa gwiwarsa. Raina ya ɓaci, don ni ma ba haƙuri ne ya yi mini yawa ba. Na ce, "Baba, kai ka ce mini kakanninka ne suka fara. To ba su ne suka kawo mana maganar ƙaunar maƙiyi ba? Mu can muna zaman lafiyarmu da dodanninmu."

"Kada ka yi mini wa'azi, yaro. Me ka sani?"

Sai na gaya masa labarin Bulus da kalanzir. Na gaya masa cewa mai gadin nan da ya yi suɓutar baki, daga unguwar da aka kashe yayana ya fito, kuma daga tawa unguwar aka je aka ƙone shagon ubansa, kuma a ƙarƙashina yake kwana.

Dattijon ya ce, "Ka yafe?"

"Wata rana na yafe, wata rana ban yafe ba. Amma kullum a tire ɗaya muke ci."

"Me sunansa?"

Na ce Sama'ila. Ya yi wata dariya marar daɗi. "Ishak da Isma'il. Ka san inda masu sunan na asali suka haɗu? A bakin kabarin ubansu. Mu kaburbura sun yi mana yawa, har yau ba mu haɗu ba." Ya juya fuskarsa taga. Na fito ban san ko na gyara ko na ƙara ɓatawa ba, na yi ta zaga titunan Al-Sadd a ƙafa har shaguna suka fara kunna fitilu.

A Doha majami'u duk a haraba ɗaya suke, can bayan gari, ba giciye a waje, ba ƙararrawa, kowace ƙabila da ƙofarta da lokacinta. Ran Alhamis ɗin makon Istarsu Abu Ilyas ya kira ni, muryarsa a bushe, ya ce ba shi da mai tura shi. Na tashi aiki na ɗauke shi a tasi. Cocin Larabawa ya cika da hayaƙin turare da waƙar da ban gane ba sai kalmar Allah da ke fitowa a kai a kai. Ranar ce ake tuna yadda Almasihu ya wanke ƙafafun almajiransa. Aka jera dattawa a gaba, aka ce in tura shi cikinsu. Fada, wato limamin cocin, ya ɗaura tawul a ƙugu, ya taho da daro yana durƙusawa gaban kowa. Da ya iso kan Abu Ilyas na cire masa takalmin dama, Fada ya zuba ruwa ya wanke ya goge. Sai ya miƙa hannu ɗaya gefen kamar yadda ya saba, hannun ya tarar da wandon da aka naɗe da fil. Ya tsaya da tawul a hannu, bai san abin yi ba. Ya sunkuyar da kai ya wuce na gaba.

Muka kamo hanyar gari a tasi. Ledar tana cinyarsa. Can ya ce, ba ni yake kallo ba, "Fada ma ya ji tsoron dungulmin nan. Mutum ɗaya ce a duniya take wanke mini wannan gefen, ita ce na kora."

A karo na farko a rayuwata na iya bakina.

Lahadin Ista ranar aiki ce a Doha, kamar kowace Lahadi. Ina duba man mota wayata ta yi ƙara. "Yalla, Ishak, zo ka ɗauke ni kafin in canja ra'ayi." Na taka motar nan yadda ban taɓa ba. A bakin cibiya Sama'ila ya hango wanda ke ciki, ya bar ƙofarsa ya rugo ya kama keken ta ɗaya gefen, muka sauke shi tare. Dattijon ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya girgiza kai.

Dakta Hanna tana ganinsa ta tsaya daga nesa, hannayenta a aljihun farar riga.

"Ban zo don na yafe ba," ya ce. "Ban san ko zan iya ba."

"Ban roƙa ba."

"Wa kika rasa?"

Ta juyo ta kalle ni. Na girgiza kai da ƙarfi, don wannan kam ban faɗa ba. Ya ce, "Ba shi ba ne. Wanda yake wanke ciwo yadda kike wankewa, ya binne wani."

Ta ce, "Tamar. 'Yar ƙanwata. Tana koyon aikin jinya. Ba ta iya zuwa ko'ina a kan lokaci."

"Nawa Ilyas. Gyaran waya yake yi. Ko ƙwai bai iya soyawa ba."

Nas ɗin da ke wurin ta fice a hankali. Ni ma ya kamata in fita, amma na tsaya. Dakta ta ɗauko daro ta durƙusa. Shi da kansa ya cire fil ɗin ya naɗe wandon. Ta wanke, ta goge, sannan ta kama gwiwar ta danna. Ya ƙwala wata kalmar Larabci da ba a koyar da ita a coci. Ta sake dannawa.

"Ta fara ƙagewa, amma ba ta gama ba," ta ce. "Za ta miƙe. Sai dai za ka zage ni da yawa."

"Wannan kam na iya."

Ta ɗauko ƙafar daga kusurwa ta ajiye a gabansa. Ba ta tambayi takalmin ba, ta jira kawai. Ya kwance bakin ledar. Ban taɓa ganin takalmin a fili ba sai ranar: fatar ta kakkarce, farar ƙura ta cika ɗinkin da ramukan igiya. Ya riƙe shi a ƙirji har na ɗauka ya fasa. Sannan ya miƙa mata da hannu biyu.

"In goge?" ta tambaya.

"A'a. Ƙasar gida ce."

Ta zura ƙafar robar a ciki, ta ɗaure igiyar, ta daidaita dugadugan, ta ɗaura masa. Ni da Sama'ila, wanda ashe bai koma ƙofarsa ba, muka kama shi ta hammata muka tsayar da shi tsakanin ƙarafa biyu na dafawa. Gumi ya keto masa. Ya sunkuya yana kallon ƙasa, ga takalma biyu a jere, ɗaya yana ƙyalli ɗaya fari fat da ƙura. Ya ɗaga na hagu ya ajiye, ya ja na dama ya biyo. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, na matso da sauri na ɗauka faɗuwa zai yi. Ashe dariya yake, hawaye na zuba cikin gemunsa.

"Ina ke ciwo?" in ji Dakta, tana durƙushe har yanzu.

"Ba ko'ina," ya ce. "Tun ranar da Ilyas ya kawo mini su, na hagun nan yake matse mini yatsa. Ban taɓa gaya masa ba, don kada ransa ya ɓaci." Ya goge ido da bayan hannu, ya dubi matar da ke ƙasa a gabansa. "Yau ne ya fara yi mini daidai."